Ja Hagu, Kore Dama

Makon jiya ɗana ya ɗauke ni a motarsa zai kai ni wurin likitan ido, muna cikin tafiya wani ɗan acaɓa ya matso ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce wutar burkinmu ɗaya ba ta kamawa. Muka ratse wani gareji a hanyar Kagoro. Tun kafin a kashe mota na fara laluben takalmina da ƙafa, domin a sanina in za a gwada wutar baya dole wani ya sauka ya tsaya a bayan mota, ya riƙa faɗa wa na ciki abin da ya gani. Sai na ga saurayin mai gyaran ya jingina wayar hannunsa a jikin wani dutse, ya shiga ya taka burki, ya fito ya ɗauki abarsa ya kalli hoton da ta ɗauka. Ya ce irin wannan mota ba a canza mata ƙwan fitila, fitilar ce dungurungum ake cirewa a jefar a sa sabuwa. Shi ke nan. Ba wanda ya ce Mama, ɗan leƙa mana. Na mayar da ƙafata ciki, har muka isa ɗana yana ta tambayata ko idon ne ke mini ciwo. Ba idon ba ne. Aikina na gani an ba dutse da wayar hannu, kuma abin ya taɓa ni fiye da yadda zan iya yi masa bayani.

Babana mai wayarin mota ne a nan Kafanchan. Rumfarsa ta kwano tana ƙarƙashin wani mangwaro kusa da layin dogo, kuma in jirgi zai wuce sai ƙusoshin da ke cikin gwangwanayensa su kama rawa tun kafin a ji kukansa. Har yau in na rufe ido ina jin wurin: gudumar mai buga bodi daga can gefe, matan da ke tallar dafaffiyar gyaɗa da rogo, warin roba in waya ta ƙone, da ƙyat-ƙyat ɗin nan na sigina da ake ji tun daga waje in an kunna ta a tsohuwar mota. Motocin yanzu ba su da wannan ƙara, sai wani ɗan kuka kamar na tsako. Mu shida Mama ta haifa, duk mata, ni ce babba, don haka ni aka tura rumfa. In na dawo daga makaranta na ci tuwon acca, sai in ɗaura tsohon zane in tafi. In share wurin, in feƙe bakin waya da reza, in goge gindin ƙwai da samfefa har ya yi haske, in tsince guntayen waya in zuba a kwando, don Baba ba ya yarda a zubar da ko mai tsawon yatsa. Direbobi suna mini tsiya, wai Baba ya rasa ɗa namiji ya mai da 'ya mace bakanike. Shi kuwa sai ya ce musu, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, yarinyan nan ya fi ku duka hankali.

Aikin wutar baya ba shi da wani asiri mai yawa a wancan lokacin. Wayoyi huɗu ne ke tashi daga gaban mota su bi ƙarfen ƙarƙashinta har baya: ta danja, wadda ke ci in duhu ya yi, da ta burki, sai ta siginar hagu da ta dama. A tsarin Baba farar waya danja ce, baƙa burki, ja hagu, kore dama. In ya gama haɗawa sai ya hau kujerar direba, ni in koma baya in tsaya. Ya ce burki, in ce ta kama. Ya ce hagu, in ce ta kama. In ba ta kama ba, ko ta yi dishi-dishi kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ya san tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure waya a jikin ƙarfe, sai ya sauko da wuƙarsa ya kankare. Kullum yana gaya mini cewa fitilar gaba direba take yi wa aiki, amma ta baya tana yi wa mutanen da direban bai ma san da su ba, shi ya sa ba ya wasa da ita. Ba ya barin mota ta bar rumfarsa sai ya ji muryata sau huɗu.

Amma ba don wannan kaɗai nake zuwa rumfa ba, kuma ainihin dalilin mu uku ne muka san shi a duniya, shi da Mama da ni. Baba ba ya bambanta ja da kore. Haka aka haife shi. Fari da baƙi da shuɗi duk yana gani sarai, amma ja da kore a wurinsa abu ɗaya ne, wani launi kamar ƙasa-ƙasa. Da ƙuruciyarsa ya sauko daga ƙauyenmu da burin aikin reluwe, ya ci duk jarrabawar da aka yi musu, sai ranar ƙarshe aka ɗaga musu tutoci aka ce kowa ya nuna wadda ke tsayar da jirgi da wadda ke sallamarsa. Nan ya faɗi. Mama ta ce ya yi kwana uku bai ci abincin kirki ba. Daga baya ya koyi wayarin, kuma Allah da ikonsa sai ga shi a sana'ar da rabinta sanin launin waya ne. Tsoronsa shi ne kada direbobi su ji, don wa zai ba mutumin da bai san ja da kore ba wayarin motarsa? Ga mu takwas a gida, duk daga rumfar nan muke ci.

Saboda haka muka yi dabara. In yana kwance a ƙarƙashin mota sai ya miƙo mini bakin waya kamar mai son a feƙe masa, ya ce ƙasa-ƙasa da yarenmu, wannan fa? Ni kuma in amsa ina feƙewa, kamar hirar gida muke. In direban ɗan yarenmu ne, sai in taɓa ƙafar Baba da yatsa, sau ɗaya ja, sau biyu kore. Yana iya gano waya da ƙwan gwaji ba tare da ni ba, amma sai aikin ya ninka lokaci, mai mota yana tsaye a kansa yana kallo, wata rana dole wani ya lura. Doka ɗaya ya kafa mini. Wayoyin da muke aiki da su yawanci daga matattun motoci aka ciro su, sun sha baƙin mai da jar lakar hanyoyinmu, har kowacce ta koma ja a ido. Sai ya ce kada in kuskura in faɗa masa launin waya sai na tofa mata yawu na murza da babban yatsa na ga fatarta. In na yi saurin amsawa ba ya mini faɗa. Shiru kawai zai yi, yana riƙe da wayar a sama, yana jira. Shirun nan ya fi mini bulala zafi. Sai in karɓa in goge in sake dubawa.

Shekarar da abin ya faru na riga na zama budurwa, na fara jin kunyar baƙin mai a farce, na fara ɓoye hannuna a coci. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, ana babban taron zumuntar mata a Manchok. Matan cocinmu, har da Mama, suka yi hayar wata babbar mota mai bodin katako wadda ke jigilar citta ranakun kasuwa. Direbanta ɗan Igbo ne haifaffen kwatas ɗin reluwe, Hausa a bakinsa ta fi ta Baba daɗi, mutum mai yawan dariya, ga gaggawa kamar ana korarsa, har muna kiransa Oga Sauri. Da safen ranar tafiyar ya zo rumfa ya ce ɓeraye sun cinye masa wayoyin baya kaf, ga mata za su taru a ƙofar coci da tsakar rana. Ni kuma ranar ce mu 'yan matan ƙungiyar mawaƙa muka shirya zuwa wurin mai hoto a kasuwa, mu ɗauki hoto da sabon ankonmu. Ban taɓa shiga hoto ba a rayuwata. Tun daren jiya na goge rigar na ninke ta a leda, na taho da ita rumfa na rataye a reshen mangwaro.

Baba ya zaro wayoyi huɗu daga kwando. A gaban mota na goge kowacce na faɗa masa daidai, ya haɗa. Sai ya ja su ta ƙarƙashi yana ɗaurewa, motar kuwa ta kwaso laka a ƙarfenta kamar daga gona ta fito, kafin wayoyin su kai baya duk sun zama iri ɗaya. Daidai lokacin ƙawayena suka iso, suka tsaya a tsallaken titi cikin anko, sun sha hoda, suna yafuto ni da hannu suna nuna mini rana. Oga Sauri yana zagaya mota yana buga mabuɗi a tafin hannu. Baba ya miƙo waya ya ce wannan fa? Na kalle ta daga inda nake na ce ja ce. Ya yi shirunsa, wayar tana sama. Da na karɓa na murza, da numfashi uku ya ishe ni. Amma na wanke hannuna da sabulu tun ɗazu saboda hoto, kuma ba na son laka ta sake shiga farcena. Sai na ce, Baba, ai na goge. Ban taɓa yi masa ƙarya a kan aiki ba sai ranar. Ya ƙara ɗan jim, sannan ya sauke hannunsa ya haɗa.

Da ya hau kujerar direba na je baya na tsaya, amma ƙafafuna ne kawai ke wurin. Ya ce danja, na ce ta kama. Ya ce burki, na ce ta kama. Ya ce hagu, lokacin wata ƙawata tana nuna mini yadda za ta riƙe ƙugu a hoto ina dariya, na ga wani abu yana ƙiftawa ta gefen idona, na ce ta kama. Ya ce dama, na ce ta kama. Ya ji muryata sau huɗu, ya sallami mota. Na shige bayan rumfa na sa ankona, muka kama hanyar kasuwa muna tafiya a hankali kada mu yi zufa.

Ba mu kai wurin mai hoto ba motar ta wuce mu, cike da mata cikin zanen zumunta, suna waƙa suna kaɗa caki, Mama tana can baya kusa da ƙofa ta ɗago mini hannu. Na bi motar da ido ina jin daɗi, don aikinmu ne a bayanta. Da ta isa inda hanya ta rabu, Oga Sauri ya karya hagu, sai na ga fitilar dama ce ke ƙiftawa. Na tsaya cak. Wanda bai san hanyoyinmu na da ba zai ce ai ƙaramin kuskure ne. Hanyoyin nan sirara ne, ga kwana-kwana, in babbar mota tana gabanka ba ka ganin komai sai katako. Don haka direbobin manyan motoci ke magana da na bayansu da sigina. In ya kunna ta dama, yana cewa hanya a buɗe take, wuce. In ya kunna ta hagu, yana cewa ga mota nan tafe, kada ka fito. Kowa ya yarda da wannan magana, ba mai leƙawa ya tabbatar. Yanzu ga shi duk lokacin da Oga Sauri zai ce kada ka fito, bayan motarsa zai ce wuce, kuma uwata tana zaune a bakin ƙofar.

Allah ya sani na yi tunanin in yi shiru in bi ƙawayena, ƙila ba abin da zai faru. Na ma yi taku biyu. Sai na tuɓe takalman na riƙe a hannu na juya da gudu. Na sami Baba yana wanke hannu da kananzir. Na ce masa hagu da dama sun juye. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya cusa filaya da salatif a aljihu, ya je wurin mai buga bodi ya ari babur ɗinsa, ya ce mini hau.

Ban taɓa ganin Baba yana gudu da abin hawa ba sai ranar, mutumin da ko keke yake tuƙawa sai yara su wuce shi da ƙafa. A Kagoro aka ce mana yanzun nan suka ɗauki wasu mata suka tashi. Muka bi. Dutsen Kagoro yana gefenmu, iska tana cika mini sabuwar riga, ina riƙe da Baba ina addu'ar da ba ta da kai ba ta da gindi. Can muka hango su a wata doguwar hawa, motar tana ja da ƙyar, wata tasi tana manne a bayanta tana ta hon. Baba ya murɗa babur iya ƙarfinsa yana ɗaga hannu, amma mun yi nisa. A kan idona fitilar dama ta fara ƙiftawa. Tasi ta fito. Sai ga wata a-kori-kura ta ɓullo daga sama. Na ji ƙarar burki, na ji waƙar mata ta yanke, na ga tasi ta tsallake kwata ta kutsa cikin gonar dawa, karare suna kwanciya a gabanta har ta tsaya.

Ubangiji ya tsare, ba wanda ya mutu. Wata fasinja ta fasa goshi kaɗan, wani tsoho kuma ya yi asarar ƙwan zabin da ya riƙe a cinya. Kafin mu iso, direban tasi ya riga ya ci kwalar Oga Sauri yana cewa shi ya kira shi ya fito don ya kashe shi. Oga Sauri yana rantsuwa hagu ya kunna, mata sun sauko sun kewaye su, kowa na magana. Baba ya jingine babur, ya ratsa tsakiyarsu, ya ce a kunna sigina kowa ya gani. Aka kunna hagu, dama ta ƙifta. Oga Sauri ya juyo, bai kalli Baba ba, ni ya kalla, ya ce ba ke ce kika tsaya a baya ba? Duk idanun matan cocinmu suka dawo kaina, ga ni tsaye ba takalmi, cikin ankon mawaƙa. A garinmu in aka ce yarinya ta kusa kashe iyaye mata cike da mota saboda rawar kai, wannan suna zai bi ta har ɗakin mijinta, in ma ta sami mijin.

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji:

"Ku bar yarinya. Ni na haɗa wayan nan da hannuna. Ban san ja ba, ban san kore ba, tun da aka haife ni. Shekara da shekaru ina ɓoye muku. Yarinyan nan shi ne idona, ni na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Wanda zai yi faɗa ya yi da ni."

Na buɗe baki zan yi magana, Mama ta damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi. Abin da Baba ya rufe tun kafin a haife ni, ya buɗe shi a bakin titi gaban direbobi uku, kuma kowa ya san kafin dare labarin ya zagaye tasha. Sai Mama, Allah ya jiƙanta, ta gyara ɗaurin zanenta ta ce wa shugabar zumunta, to yau kun ji dalilin da ya sa ba na barinsa ya sayo mini atamfa, ku kuna ta cewa rowa ce gare shi. Wata ta fashe da dariya, sauran suka bi, har direban tasi ya saki rigar Oga Sauri. Maza suka shiga gona suka turo tasi, mata suka ɗaure wa mai goshi rauninta da ɗankwali.

Baba kuwa ya kwanta a gefen titi ƙarƙashin motar, ya kwance wayoyin biyu ya musanya su. Na ga ya yi wani abu da bai taɓa yi ba: ya ƙulla wayar hagu ƙulli ɗaya, ta dama ƙulli biyu, sannan ya naɗe da salatif. Ya fito ya karkaɗe wando, ya hau kujerar direba. Na ɗauka shugabar zumunta zai ce ta duba masa, ko Oga Sauri da kansa, don ni kam na gama zubar da mutuncina a wurinsa. Sai ya leƙo ta taga ya kira sunana, ya ce je ki tsaya. Na je. Ya ce hagu. Na kalli fitilar nan har ta ƙifta sau biyar, hawaye suna hana ni gani ina sharewa da hannun riga, kafin na ce ta kama.

A hanyar komawa ya tuƙa babur a hankali kamar yadda ya saba. Muna wuce Kagoro na kifa goshina a bayansa na ce, "Baba, ban goge ba."

Ya ce, "Na sani. Na ji a muryanki. Ban so in mai da ke maƙaryaci gaban baƙo ba, shi ya sa ban sake tambaya ba. Wannan laifina ne. Naki kuma kin gani da idonki."

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangiji.

Abin da yake tsoro ya faru, ba zan ɓoye ba. Direbobi da yawa suka ɗauke ƙafa. Muka yi watanni rumfa shiru, Baba yana zaune yana goge ƙwayayen da ba mai saya, a gida miya ta koma ganye zalla, kuma kowace loma na san ni na jawo. Wanda ya fara dawowa Oga Sauri ne. Ya zo yana dariyarsa, ya ce ya zagaya gari bai ga mai wayarin da zai ari babur ya bi shi har hanyar Manchok don ya tona wa kansa asiri ba. Ya kuma ce ƙullin nan ya yi masa rana, don waya ta tsinke masa a daji ya laluba da hannu ya gane ta ba tare da ya goge komai ba. Daga nan Baba ya mai da shi tsari: ɗaya hagu, biyu dama, uku burki, danja ba ƙulli. Sannu a hankali motoci suka dawo, daga Samaru Kataf, har masu zuwa Kujama. Suna masa tsiya, su ɗaga jar hula su ce wane kala ne wannan, shi kuma ya ce kala na wanda bai biya wanki ba. Ya daina raɗa. In yana son sanin launin waya sai ya tambayi duk wanda ke kusa da babbar murya. Amma tsayawa a bayan mota bai taɓa ba wani ba sai ni, har na yi aure ƙannena suka gada ɗaya bayan ɗaya. Hoton mawaƙan nan yana nan a gidan wata ƙawata, su bakwai, sun riƙe ƙugu. Duk wanda ya tambaya ina nake, sai ta ce na tafi Manchok.

Yanzu an sare mangwaron, shagon sayar da katin waya ne a wurin. Jirgi ya daina kaɗa gwangwanin kowa. Wayoyin motocin yau a dunƙule suke cikin roba, ba mai ganin launinsu balle ya tofa musu yawu, kuma ban ce hakan laifi ba ne, wataƙila ma sun fi namu lafiya. Sai dai ban ga inda uba da 'ya za su yi ta kiran juna daga gaba zuwa baya ba, har ya san ƙaryarta daga muryarta.

Likitan idon ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani, sai an kankare. Kafin nan launuka sun fara gudu daga gare ni, komai ya koma kamar an wanke shi da ruwan kanwa. Ɗankwalayena duk na ƙulla musu baki, ɗaya ja, biyu kore, 'ya'yana suna ganin rigimar tsufa ce. Sai yanzu na san nauyin abin da Baba ya yi shekaru yana yi, babba ya miƙa wa ɗan cikinsa abu ya ce gaya mini abin da nake riƙe da shi, kuma ba shi da yadda zai yi sai ya yarda. Ran Lahadin nan ina shirin sujada na ɗauko wani sabon ɗankwali da surukata ta kawo mini, ba ƙulli a jikinsa. Jikata tana zaune a bakin gado, kanta a sunkuye kan wayar hannu. Na miƙa mata na ce, wannan fa? Ba ta ɗago ba ta ce, "Ja ne, Kaka."

Na riƙe shi a sama ina jira. Can ta ji shirun ya yi yawa, ta ɗago ta kalle ni, ta ajiye wayar. Ta karɓi ɗankwalin ta kai bakin taga ta buɗe shi a haske, sannan ta dawo a sanyaye ta ce, "Kaka, yi haƙuri. Kore ne."

Na ce mata ba komai. Na yi masa ƙulli biyu.